Ayoyin da aka sanya cikin baka: Aƙidar rashin kuskuren Littafi Mai Tsarki da shaidar tsofaffin kundaye

Duk wanda ya buɗe Bisharar Markus a yawancin bugun Littafi Mai Tsarki na zamanin nan, in ya kai sura 16 aya 8, zai tarar da ɗan bayani da ƙananan haruffa yana sanar da shi cewa ayoyi 9 zuwa 20 babu su a wasu daga cikin tsofaffin kwafi. Zai sake cin karo da irinsa a Yohanna 7:53 zuwa 8:11. In ya leƙa Ayyukan Manzanni sura 8 kuwa, a bugu da yawa zai ga lambar ayoyi ta yi tsalle daga 36 zuwa 38. Waɗanda suka saka waɗannan bayanai Kiristoci ne, kuma da yawansu sun yi imani cewa Littafi Mai Tsarki ba shi da kuskure ko ɗaya. To, ta yaya mutum zai ce littafi babu kuskure a cikinsa, sannan da hannunsa ya rubuta a ƙasan shafi cewa wataƙila wannan sashe ba na asali ba ne?

Sai an fara sanin abin da aƙidar ke faɗa, domin masu kare ta da masu sukar ta duk sukan ɗora mata abin da ba ta ce ba. Tushenta 2 Timoti 3:16, inda aka ce kowane Nassi hurarre ne daga Allah, da 2 Bitrus 1:21, inda aka ce Ruhu Mai Tsarki ne ya iza annabawa suka yi magana. Hujjar a taƙaice take: Allah ba ya ƙarya, Nassi maganarsa ce, saboda haka Nassi ba ya kuskure. Amma tun da daɗewa malamai suka san cewa abin da ke hannunsu kwafi ne. Wajen shekara ta 405, Agustin, babban malamin Ikkilisiya na Arewacin Afirka, ya rubuta wa Jerom, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latinanci, cewa in ya tarar da abin da ya yi kama da saɓa wa gaskiya a cikin Nassi, yakan ɗauka ɗayan uku ne: ko kwafin ya ɓaci, ko mai fassara bai kama ma'ana ba, ko shi ne bai fahimta ba. A 1881 malaman tauhidi biyu na Amurka, A. A. Hodge da B. B. Warfield, suka tsara wannan tunani suka ce rashin kuskure na rubutun asali ne, wanda ya fito daga hannun marubucin farko. A 1978 shugabannin Ikkilisiyoyin bishara fiye da 200 suka taru a Shikago suka fitar da sanarwa mai sassa 19, kuma sashe na 10 ya faɗi haka ƙarara: hurarren nassi shi ne na asali, kwafi da fassara kuwa Maganar Allah ne gwargwadon yadda suka yi daidai da shi.

Rubutun asalin nan kuwa babu ko ɗaya a duniya yau. Babu takardar da Bulus ya sa wa hannu, babu shafin da Markus ya rubuta. Abin da ke akwai shi ne kwafin Sabon Alkawari na Helenanci kimanin 5,800 da aka rubuta da hannu, daga ɗan guntun ganyen takarda mai ayoyi kaɗan na Yohanna 18 da ke ajiye a Manchesta, wanda aka fi jingina shi ga ƙarni na 2, har zuwa manyan kundaye na zamanin da injin ɗab'i ya riga ya fito. Ga kuma dubban kwafi na Latinanci, Suriyanci, Kibɗanci da Armeniyanci. A 1707 John Mill na Okisfod ya buga Sabon Alkawari tare da bambance-bambance kusan 30,000 da ya tattara, hankalin mutane ya tashi. Yau ƙiyasin masana yana tsakanin 400,000 da 500,000, alhali kalmomin Sabon Alkawarin gaba ɗaya ba su wuce kusan 138,000 ba. Lambar tana da ban tsoro, sai dai yawan kwafin ne ya haifar da ita, don littafin da kwafinsa ɗaya ne tak ya rage ba shi da bambanci ko ɗaya, kuma ba shi da abin da za a gwada shi da shi. Mafi yawan bambancin ma na rubutun harafi ne, ko kalma ta riga 'yar'uwarta, ko idon mai kwafa ya tsallake layi. Waɗanda ke taɓa ma'ana kuma ake da dalilin yin gardama a kansu 'yan kaɗan ne. Uku daga cikinsu suka fi suna.

Na farko ƙarshen Markus. Kundaye biyu mafi tsufa da ke ɗauke da cikakken Markus, wato kundin Batikan da kundin Sina'i, duka na ƙarni na 4, sun tsaya ne a aya 8: matan sun fito daga kabari a guje, ba su ce wa kowa kome ba, don suna jin tsoro. Shi ke nan. Yusibiyus, marubucin tarihin Ikkilisiya, a ƙarni na 4, da Jerom bayansa, sun ce kusan duk kwafin Helenanci da suka sani a nan suke tsayawa. Tsohuwar fassarar Suriyanci ta Sina'i da kwafin Armeniyanci masu yawa su ma haka. Salon ayoyin ma ya bambanta, don aya 9 ta gabatar da Maryamu Magadaliya da bayanin ko wace ce, kamar ba a ambace ta a farkon surar ba. Akwai kuma wani gajeren ƙarshe dabam a wani tsohon kundin Latinanci, wasu kwafin ma sun jera ƙarshen biyu ɗaya bayan ɗaya, alamar masu kwafa sun ji labarin ya yanke, kowa ya nemi abin rufe shi.

Ɗaya ɓangaren ma yana da abin faɗa. Irenayus, wani malamin Ikkilisiya na farko-farko, ya kawo aya 19 a matsayin maganar Markus tun wajen shekara ta 180, kusan shekara 150 kafin a rubuta waɗancan manyan kundaye biyu. Kusan duk sauran kwafin Helenanci suna da ayoyin. Mai kwafa kundin Batikan ma ya bar fili babu rubutu bayan aya 8, abin da wasu ke ɗauka alama ce ta cewa ya san da wani ƙarshe. Abin da mafi yawan masana suka tsaya a kai shi ne ayoyin tsofaffi ne ƙwarai, na ƙarni na 2, amma ba alƙalamin Markus ba. Kuma batun bai tsaya a ɗakin karatu ba. Aya 18 ce ke cewa masu bi za su ɗauki macizai, in sun sha dafi ba zai cuce su ba. A kanta wasu ƙananan majami'u a tsaunukan Afalashiya na Amurka suka gina ibadar riƙe macizai, kuma George Hensley, wanda ya yaɗa al'adar, saran maciji ne ya kashe shi a 1955.

Na biyu shi ne wanda ya fi zafi a zuciyar masu bi: matar da aka kama tana zina aka kawo ta gaban Yesu, ya sunkuya yana rubutu a ƙasa, ya ce marar zunubi a cikinsu ya fara jifan ta. Labari ne da wanda bai taɓa shiga coci ba ma ya sani. Amma shaidarsa a kundaye ta fi ta ƙarshen Markus rauni nesa ba kusa ba. Babu shi a tsofaffin ganyayen takarda biyu na Yohanna da aka samo a Masar, na wajen shekara ta 200 ko bayanta kaɗan, babu shi a kundin Batikan, babu a na Sina'i. Kundin Helenanci na farko da ke da shi shi ne kundin Beza, na wajen shekara ta 400. Yohanna Kirisostom, shahararren mai wa'azi na ƙarni na 4, ya yi wa'azi a kan Bisharar Yohanna bi da bi, ya wuce wurin bai ce uffan ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne labarin ba shi da mazauni ɗaya: wasu kwafi sun sa shi bayan Yohanna 7:36, wasu a ƙarshen littafin gaba ɗaya, wani rukuni kuma ya ɗauke shi ya kai Luka, bayan 21:38. In ka cire shi, 7:52 da 8:12 suna haɗuwa sumul. Agustin yana ganin wasu maza ne suka cire shi don tsoron kada matansu su ɗauka an ba su lasisi. Hasashe ne mai daɗin ji, amma bai bayyana dalilin da zai sa a cire har da 7:53 zuwa 8:2 ba, ayoyin da babu zancen zina a cikinsu. Masana da dama, har da waɗanda suka ce ba Yohanna ya rubuta shi ba, suna ganin tsohon labari ne da ya daɗe yana yawo a bakin Kiristoci, mai yiwuwa kuma ya faru da gaske, domin wani littafin tsarin Ikkilisiya na Siriya na ƙarni na 3 ya san irinsa.

Na uku ba shi da wahalar hukunci, tarihinsa ne mai ban sha'awa. A fassarar Sarki Jems ta 1611, 1 Yohanna 5:7 tana cewa akwai uku masu shaida a sama, Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki, ukun nan kuwa ɗaya ne. Babu wata aya da ta faɗi aƙidar Triniti a dunƙule kamar wannan. Duk da haka, a gardamar ƙarni na 4 da mabiya Ariyus, masu cewa Almasihu ba daidai yake da Allah Uba ba, lokacin da malaman Helenanci ke tono kowace aya don kare allahntakar Almasihu, babu wanda ya kawo ta. Ta fara bayyana ne a rubutun Latinanci a ƙarshen ƙarni na 4, a wani littafi da ake jingina wa Firisiliyan na ƙasar Sifen, daga nan ta shiga kwafin Latinanci. Da Irasmus, wani masani ɗan Holan, ya buga Sabon Alkawari na Helenanci a birnin Basel a 1516, bai sa ta ba, don bai gan ta a kwafin da ke gabansa ba. Aka yi masa caa. Sai ga wani kundin Helenanci ya ɓullo a Ingila da ayar a ciki, kundin da yau ke Dablin kuma masana ke cewa a wajen 1520 aka rubuta shi. Irasmus ya sa ayar a bugu na uku a 1522, tare da dogon bayani mai nuna shakkunsa. Luther bai sa ta a fassararsa ta Jamusanci ba, sai bayan mutuwarsa maɗaba'u suka cusa ta. Isaac Newton ma, mai lissafin nan, ya rubuta dogon nazari a 1690 yana nuna cewa ƙari ce. Sabon bugun Latinanci da fadar Fafaroma ta fitar a 1979 ba ya ɗauke da ita.

Ga mai bin sanarwar Shikago, waɗannan uku ba su rushe masa kome ba. In Yohanna bai rubuta labarin matar ba, to labarin ba ya cikin abin da aka ce babu kuskure a cikinsa tun farko. Hasali ma aƙidarsa ce ke tilasta masa ya cire duk abin da aka ƙara, shi ya sa da yawa daga cikin masu himmar bin diddigin kundaye masu wannan aƙida ne. Sukan ƙara da cewa babu wani ginshiƙin bangaskiya da ya rataya a kan aya mai shakku: tashin Yesu daga matattu yana cikin Matiyu, Luka, Yohanna da 1 Korintiyawa 15, kuma malaman da suka tsara aƙidar Triniti a Nisiya a 325 sun yi aikinsu ba tare da 1 Yohanna 5:7 ba. A kan wannan suna da gaskiya. Masu ɗauko waɗannan ayoyi a fagen muhawara kamar sun bankaɗo wani sirri su ma ya kamata su san cewa an fi shekara 500 ana buga wannan zance a fili.

Ba duk Kirista ya yarda da wannan mafita ba. Akwai masu cewa Allah da ya hure Maganarsa ba zai bar Ikkilisiya ta yi fiye da shekara 1,000 tana karanta ƙari ba. Suna kafa hujja da Shaidar Bangaskiya ta Wesminsta ta 1646, wadda ta ce Allah ya kiyaye nassin da tsarki a kowane zamani. John Burgon ya rubuta littafi guda a 1871 don kare ayoyi 12 na ƙarshen Markus, ya kuma yaƙi bugun Sabon Alkawari na Helenanci na Westcott da Hort na 1881 wanda ya fifita kundin Batikan. Masu tsattsauran ra'ayi a wannan layi, galibi a Amurka, sun kai ga cewa fassarar 1611 ita kaɗai ce Maganar Allah da Ingilishi. Damuwarsu abar fahimta ce, amma matsayin yana da rami. Nassin da suke karewa ya samo asali daga 'yan kundaye kaɗan na baya-baya da Irasmus ya samu, kuma kwafinsa na Ru'ya ta Yohanna ya rasa shafin ƙarshe, sai ya mayar da ayoyi shida na ƙarshe daga Latinanci zuwa Helenanci da kansa. Katolika da Otodoks kuwa ta wata ƙofa suka bi. Majalisar Tiren ta shugabannin Katolika a 1546 ta karɓi littattafan da dukan sassansu yadda aka saba karanta su a Ikkilisiya, don haka malamin Katolika zai iya cewa Markus bai rubuta 16:9-20 ba, kuma ya karanta shi a matsayin Nassi ba tare da ya ji ya saɓa wa kansa ba. A wurinsu karɓar Ikkilisiya ce hatimi.

A ganina, waɗannan shahararrun wurare uku su ne mafi sauƙi ga aƙidar, domin shaida a kansu ta rinjaya gefe ɗaya. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ɗauki Luka 23:34, addu'ar Yesu a kan gicciye cewa Uba ya gafarta musu don ba su san abin da suke yi ba. Babu ta a tsohon ganyen takarda na Luka da aka samo a Masar, babu ta a kundin Batikan, kuma mai kwafa kundin Beza na farko bai rubuta ta ba. Amma mai kwafa kundin Sina'i ya rubuta ta, Irenayus ya san ta, ta kuma dace da addu'ar Istifanas a Ayyukan Manzanni 7:60, wanda marubuci ɗaya ne. Ƙara ta aka yi, ko kuwa wasu ne suka cire ta bayan rushe Urushalima a shekara ta 70, don ba sa son a ce an roƙa wa Yahudawa gafara? Masana sun rabu. Haka Luka 22:43-44, inda mala'ika ya ƙarfafa Yesu, guminsa yana ɗiga kamar jini. A irin waɗannan wurare mai wa'azi ba zai iya cewa da tabbaci ayar da ke gabansa tana cikin hurarren nassi ko ba ta ciki ba.

Sai kuma inda tono asalin ke ƙara nauyi maimakon ya rage. A Markus 1:2 kwafin baya-baya suna cewa "kamar yadda aka rubuta cikin annabawa", amma mafi tsufa suna cewa cikin annabi Ishaya, alhali rabin farko na abin da aka kawo daga Malakai 3:1 yake. A bayyane yake cewa masu kwafa ne suka gyara don su kawar da tuntuɓe. A Matiyu 24:36, inda Yesu ya ce ba wanda ya san ranar, tsofaffin kundaye suna da "ko Ɗan", na baya da yawa sun yar da shi. Ƙa'idar masana ita ce karatun da ya fi wuya shi ya fi yiwuwa ya zama na asali, don mai kwafa yakan sassauta ne, ba ya tsananta. Wato mai neman rubutun asali yakan isa ga nassin da ya fi wanda ya baro ƙayoyi. A Markus 2:26 an ce Dawuda ya ci gurasar ajiyewa a zamanin Abiyata babban firist, amma 1 Sama'ila 21 ta ce Ahimelek ne, mahaifin Abiyata, kuma tsofaffin kundaye mafi inganci suna da sunan Abiyata. Wannan ayar ce Bart Ehrman, masanin Sabon Alkawari kuma ɗalibin Bruce Metzger a makarantar tauhidi ta Firinston a Amurka, ya ce ta fara tsinka masa aƙidar rashin kuskure, ko da yake ya ce matsalar wahalar 'yan Adam ce ta raba shi da bangaskiya daga baya. Tambayarsa har yau tana nan: in Allah ya yi mu'ujizar hure kalmomi ɗaya bayan ɗaya, me ya sa bai yi mu'ujizar adana su ba? Masu aƙidar suna da amsoshi. Sashe na 13 na sanarwar Shikago ya ce ba a auna Nassi da ma'aunin daidaiton zamani, kuma al'adar marubutan da ce su haɗa maganar annabawa biyu su ambaci babban. Amsa ce mai ma'ana. Sai dai duk lokacin da aka ƙara irin wannan sharaɗi, "babu kuskure" na malamin tauhidi yana ƙara nisa da "babu kuskure" na mai zama a benci ranar Lahadi, wanda yawanci ba a taɓa yi masa wannan bayani ba.

Tsohon Alkawari ya fi haka sarƙaƙiya. 2 Sarakuna 8:26 ta ce Ahaziya yana da shekara 22 da ya hau sarauta, nassin Ibrananci na 2 Tarihi 22:2 ya ce 42, abin da zai sa ya girmi mahaifinsa. Kowa ya yarda kuskuren mai kwafa ne. A 1 Sama'ila 13:1 lambar shekarun Saul ta faɗi daga nassin Ibrananci, masu fassara sai su cike ko su bar gurbi. Tsawon Goliyat kamu shida da taƙi ne a nassin Ibrananci da aka gada, amma kamu huɗu da taƙi a tsohuwar fassarar Helenanci da wani naɗaɗɗen littafi daga cikin naɗaɗɗun littattafan kogon dutsen Kumran kusa da Tekun Gishiri, waɗanda aka fara ganowa a 1947. Waɗannan duk ana iya jingina su ga masu kwafa. Irmiya ne ba ya jinginuwa. Fassararsa ta Helenanci ta gaza nassin Ibrananci da kusan kashi ɗaya cikin takwas, jerin surorin ma ya bambanta, kuma a Kumran an sami guntayen Ibrananci na gajeren da na dogon duka biyu. Littafin da kansa, a sura 36, ya ba da labarin yadda sarki Yehoyakim ya ƙone naɗin farko, Baruk ya sake rubuta wani, aka kuma ƙara maganganu da yawa. To, wanne ne rubutun asali a nan? Aƙidar da aka gina a kan takarda ɗaya daga hannun marubuci ɗaya ta fi dacewa da wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon fiye da littafin da ya yi girma a hannun tsara bayan tsara.

Nassin Helenancin da masu fassara ke dogara da shi ma bai daina motsi ba. Cibiyar binciken nassin Sabon Alkawari da ke Munsta a Jamus tana sake auna kundayen da taimakon kwamfuta, littafi bayan littafi. A bugu na 28 na Nestle-Aland, wato Sabon Alkawari na Helenanci da masana ke amfani da shi, da ya fito a 2012 an sauya karatu a wurare fiye da 30 cikin wasiƙun Yakubu, Bitrus, Yohanna da Yahuza. A Yahuza aya 5, wanda ya ceci jama'a daga Masar ya koma "Yesu" maimakon "Ubangiji". A 2 Bitrus 3:10 kuwa editocin sun buga cewa duniya da ayyukan da ke cikinta ba za a same su ba, da kalmar korewa wadda babu ta a kwafin Helenanci ko ɗaya da ya rage, sai a tsofaffin fassarori na Kibɗanci da Suriyanci.